Ranar da Haoua Ta Zama 'Yar Kolombiya

Sababbin zuwa, sannunku da hanya. Tsofaffin masu bibiyata kuma ku yi haƙuri in sake faɗin sunana, don labarin yau a kan suna yake. Ni ce Balki Inuwa, shekarata ashirin da shida, ina zaune da iyayena a hawa na uku na wani tsohon bene a Malaz, cikin Riyadh. Abba injiniya ne, Umma nas ce. Ni kuwa na je Kano na yi digiri na dawo na zauna, saboda iƙamata, wato takardar izinin zama, a ƙarƙashin ta Abba take, irin wadda ba a ɗaukar mai ita aiki. Ban da soya ƙwai da mayar da magana, abu ɗaya na iya a duniya, shi ne zane.

Littafin yara nake zanawa. Yarinyar cikinsa sunanta Haoua, haka nake rubuta shi irin na mutanen Nijar, saboda sunan kakata ne ta wajen uwa, 'yar Maradi. Na ba ta wushiryar kakata da faffaɗan goshinta, na ɗaura mata ɗan kallabi ruwan goro da kullum yake zamewa gefe. Labarin ba wani babba ba ne. Yarinya ce da aka kawo Riyadh tana tsoron matakalar nan mai tafiya da kanta ta manyan kantuna, kowa ya hau ya bar ta a ƙasa tana riƙe da takalminta a hannu. Shekara uku ina zana ta, ina sa wasu hotunan a shafina. Mabiyana ba su kai ɗari uku ba, rabinsu ƙawayen Umma ne na asibiti da suke rubuta Masha Allah ko hoton bai gama buɗewa ba.

Sai Yaya Nu'uman. Ɗan aminin Abba ne, yana tsaye a wani shagon abaya da turare a kasuwar Dira, kuma shi yake riƙe da shafin tallar shagon. Duk Juma'a bayan la'asar sai ya zo, farar jallabiya an goge ta har tana ƙara, agogo ya fi wuyan hannun girma, ƙamshin turarensa kuwa sai ya riga shi hawowa bene. Umma ta mutu a kansa. Kwantiragin Abba zai ƙare ƙarshen shekara, shi kuwa Nu'uman kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa a ƙasar, mutumin kirki ne, iƙamarsa ba ta da matsala, yana da mota, yana kuma kawo mata dabino. A wajen Umma magana ta ƙare. Ni dai ban ce ina so ba, ban kuma ce ba na so ba. Na karɓi tablet ɗin zane da ya kawo min a matsayin toshi, wadda ya saita da akawun ɗinsa wai don kar in wahala, na kwashe littafin gaba ɗaya na mayar ciki. Ku riƙe tsakinku tukuna, akwai inda za ku buƙace shi.

Wata Juma'a muna falo, ni a kujerar da ke kusa da na'urar sanyi, shi ya miƙe ƙafa a kan kafet yana ɓare gyaɗar fistak, ya ce, "Ƙanwata, kawo wayar nan in ga abin da kike ɓata lokaci a kai."

Na miƙa masa. Ya yi ta jan shafin sama, yana taunawa.

"Hashtag biyu? Hoto mai kyau haka ki sa masa hashtag biyu? Ko gyaɗa kike sayarwa ai kya fi haka ɗaga murya."

"Na zane ne, Yaya. Su suka dace."

"Wace dacewa? Ni abaya nake sayarwa, amma jiya da hashtag ɗin ƙwallo na yi ciniki. Hashtag ba shi da uba. Inda jama'a suka taru, nan kike ajiye tirenki. Ba ni password ɗin, sati ɗaya kawai."

Umma ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Ba shi mana. Mutum yana son ya taimake ki kina wani noƙewa."

Kun san dai yadda masu tallarmu suke. Hoton atamfa ɗaya, a ƙasa hashtag talatin, daga na bikin Kano har na zaɓe har na rasuwar wani da ake ta magana a kai. Duk abin da yake tashe a ranar, a jefa shi ciki. Da wannan ilimin Yaya Nu'uman yake taƙama, kuma ni da hannuna na rubuta masa lambar sirrin.

Kwanakin farko ba abin da ya faru sai wasu masu sayar da agogo da suka biyo ni. Ranar Laraba da safe ina wanke-wanke wayata ta fara kuka a kan firij, ta ƙi yin shiru. Na goge hannu na duba. Hoton Haoua ne, wanda take tsaye a gindin matakala, mutum sama da dubu biyu sun so shi. Sharhi kuwa jere, yawanci da Sifaniyanci. Ba zan yi muku ƙarya ba, zama na yi a ƙasan kicin ina dariya ni kaɗai kamar sabon kamu. Ina kwafar sharhin ina fassarawa. Wata ta ce goshin yarinyar irin na 'yarta ne. Wani ya ce ya ji tsoron matakalar a cikinsa. Shekara uku ba wanda ya taɓa kallon zanena ya gaya min abin da ya gani.

Cikinsu akwai wata mai suna Yesenia, ita ma mai zane ce, tana zaune a Amurka. Ita da Turanci ta rubuto, dogo. Ta ce iyayenta daga gaɓar tekun Kolombiya suke, ta ce ta daɗe tana jiran ganin baƙar yarinya irin ta garinsu a littafin yara, ga shi yau 'yar'uwarta ta zana. Ta rufe da cewa, "Barka da zuwa gida."

Na karanta sau biyu. Wane gida?

Na danna saman shafina. Babu Balki Inuwa. An rubuta Belkis, kusa da shi ga tutar wata ƙasa mai rawaya da shuɗi da ja. A ƙarƙashin hoton, inda na rubuta Haoua, an mayar da shi Eva. Cikin tulin hashtag ɗin da ya zuba, tsakanin na abaya da na turare, akwai guda uku da suka fara da kalmar Latinx. Na bi su na karanta har ƙafata ta yi sanyi a kan tayil. Ashe na wasu mutane ne takamaimai, marubuta da masu zana littattafan yara 'yan asalin Latin Amurka. Sun gaji da kamfanonin ɗab'i suna tsallake su, sai suka ware wa kansu rana, kowa ya sa aikinsa da hashtag ɗin, editoci su bi su duba. Wato taron gida ne suka haɗa wa kansu, Yaya Nu'uman ya kutsa tsakiya ya ajiye tirena.

Da a nan ya tsaya, da kuskure ne, in ba da haƙuri in cire. Amma na shiga akwatin saƙo na tarar wata edita daga wani ƙaramin kamfani a Amurka ta rubuto tun da asuba. Ta ce tana son ganin littafin duka, ta kuma tambayi daga wace ƙasa danginmu suke. An riga an amsa mata. An ce kakata 'yar Kolombiya ce, kuma don tunawa da ita na zana yarinyar.

Na tura masa saƙo.

Ni: Yaya, mene ne wannan?

Nu'uman: Mabruk ƙanwata. Kin ga aiki ko?

Ni: Ka ce musu kakata 'yar Kolombiya ce.

Nu'uman: Na bincika, akwai baƙaƙe a can sosai. Har sunanki suna da shi. Allah ne ya haɗa.

Ni: Hashtag ɗin nasu ne. Don kansu suka yi.

Nu'uman: Sun saya ne? Su nuna rasit.

Ni: Ka cire, ko ni in cire.

Nu'uman: Shekara nawa kina Bahaushiya a shafin nan, wa ya kalle ki? Kwana biyar na riƙe, Amurka ta kira. Zanenki dama yana nan, ba shi ya kawo su ba.

Wannan ta ƙarshen ta shige ni. Ni da ba a gama min magana ban mayar ba, sai na kife wayar na koma kan wanke-wankena.

Umma ta dawo daga asibiti bayan azahar, ko kayan aiki ba ta cire ba ta shiga kicin ta fara yanka albasa. Na tsaya a bakin ƙofa na zayyana mata komai. Na ɗauka wuƙar za ta faɗi daga hannunta. Ko dakatawa ba ta yi ba.

"To sai me? Cewa ya yi kin kashe mutum?"

"Ƙarya ce fa, Umma. Kuma wurin wasu ne na shiga."

"Ni Jamilat aka raɗa min. Kin san sunaye nawa aka kira ni da su a ƙasar nan? Jamila, Sista, ke baƙar nan. Duk na amsa, kuma da su na ciyar da ke har kika yi bakin da kike min bayani yanzu."

"Har Hajiya Haoua ya mayar 'yar Kolombiya. Mahaifiyarki, Umma."

Ta zuba albasar a mai, ta juya. "Uwata tana kabarinta a Maradi, ba ta da waya. Ke kuma kina nan, ba aiki, ba miji, ƙarshen shekara za a tattara mu. Yaro ya ɗauki wasan yaranki ya mayar da shi abin da Turawa suke nema, maimakon godiya kin zo min da wa'azi. Miƙo min tumatirin nan."

Na miƙa mata. Abin da ya fi min ciwo shi ne ba da faɗa ta yi maganar ba, muryarta irin ta kullum ce, wadda take ce min in kashe fitila da ita.

Na koma ɗaki na ce bari in goge komai da kaina, in rubuta wa editar gaskiya. Shafin ya fitar da ni. Na sa lambar sirri, ya ce ba daidai ba. Na nemi a turo min sabuwa, aka ce an tura zuwa wata lamba da ta ƙare da irin ta Nu'uman. Washegari ina wanka na ji ƙamshin turarensa ya shigo har banɗaki. Kafin in fito ya tafi, teburina kuma babu tablet. Umma ta ce ya karɓa zai sa mata sabon gilashi, ita ta ɗauko masa da hannunta. Littafin duka yana ciki, kowane shafi, har waɗanda ban taɓa nuna wa kowa ba. Yanzu za ku iya yin tsakin.

Juma'a ya zo kamar kullum, da ledar shinkafar kabsa da lemo. Abba yana gida, ya dawo daga masallaci yana kishingiɗe da hularsa a kan gwiwa. Na sa doguwar rigata baƙa mai ɗinkin zare ja a wuya, ban shafa ko hoda ba, na zauna a gabansu duka na ce, "Abba, ka sa Yaya Nu'uman ya ba ni shafina da tablet ɗina."

Abba ya ɗago da gajiya. "Ku yaran nan da wayoyinku. Nu'umanu, me ka riƙe mata?"

Ya sunkuyar da kai irin na surukin kirki. "Amana ce, Abba. Ƙanwata tana da zuciya, in ta fusata sai ta ɓata abin da zai amfane ta. Ina adana mata ne. Ranar da aka sa rana, a saman akwatin lefe zan ɗora mata."

Umma ta kwashe da dariya har da tafa hannu. Abba ya yi murmushi ya ce, "To kin ji, ai ba ɓata ya yi ba," ya jawo farantin shinkafa. Su a ganinsu zolayar masoya ce. Nu'uman ya ɗago ya kalle ni ta saman kofin lemo, ya kuma san na gane ba zolaya yake ba. A ranar na tsane shi, tsana ta gaske, har na ture abincin da ya kawo gefe.

Na shiga ɗaki na buɗe sabon shafi da sunana na gaskiya. Ba hoto, ba mabiyi ko ɗaya. Na nemo shafina na asali kamar baƙuwa, na ga mabiyan sun haura dubu biyar, ya kuma sa wani sabon hoto daga cikin tablet, wanda Haoua take leƙen ƙasan matakala tana neman inda matakan suke shigewa. Wannan hoton na so in ajiye shi sai littafin ya fito, shi kuwa har ya liƙa masa labarin marigayiya kakata 'yar Kolombiya. A ƙarƙashinsa na rubuta da Turanci:

"Ni na zana wannan. Sunana Balki, Bahaushiya ce daga Najeriya, ba ni da kowa a Kolombiya. An karɓe min shafi, an sa aikina a hashtag ɗinku ba da sanina ba. Ku yafe min."

Na ɗauka gaskiya tana da wani kamanni da za a gane ta da shi. Ku ji abin da ya biyo baya. Wani ya ce kullum haka ne, da zarar 'yarsu ta fara haskawa sai ɓarayi su fito. Wata ta ce shafi ba hoto, yau aka buɗe shi, daga Najeriya kuma, ai kowa ya san wannan damfarar. Wannan ta ƙona ni, amma na haɗiye. Wadda ta karya ni ita ce Yesenia. Ta rubuta, "Ki ji kunya. Yarinyar nan ta zana kakarta da ta rasu, ke kuma kin zo kina son ki ƙwace mata. Ki bar 'yar'uwarmu ta sarara." Kafin in gama rubuta mata amsa ta toshe ni.

A ƙarƙashin maganarta, shafina ya amsa mata da alamar zuciya da hannuwa biyu na godiya. Na san yatsan da ya danna su, na san har zoben azurfar da ke jikinsa.

Na yi kuka ranar, ba kaɗan ba. Matar nan ba muguwa ba ce. Ni take karewa, daga ni. Kuma duk abin da ta faɗa a kan kakar gaskiya ne, ƙasar kawai aka sauya.

Amma sharhin nawa bai tafi a banza ba, don editar ta gani. Ranar Litinin Nu'uman ya kira ni, abin da ba ya yi sai dai saƙo. Muryarsa babu wannan sanyin na masu shago.

"Kin ga abin da haukarki ta jawo? Matar nan ta ce kafin a ci gaba sai ta gan ki a bidiyo, ki zana yarinyar a gabanta."

"To ka zana mata mana, Belkis."

"Balki, ba wasa nake ba."

"Kai da ka ce ba zanen ya kawo su ba. Jefa mata hashtag."

Ina jin hayaniyar kasuwar Dira a bayansa, wani yana ta kiran farashin turare. Sai ya ce, "Alhamis bayan magariba, lokacin safiya ce a wajensu. Ki ce a Saudiyya kika tashi shi ya sa yaren ya ɓace miki. Minti goma ne, khalas. In kin yi, littafinki zai fito a Amurka. In kin ƙi, ke kika sani."

Daga Litinin zuwa Alhamis Umma ba ta bar ni na huta ba. In na fito shan ruwa, magana. In ina ninke kaya, magana. Ta ce 'yar ƙawarta da ba ta kai ni komai ba tana unguwar Al-Naseem a gidan mijinta da yara biyu. Ta ce in mun koma Kano in ga wanda zai sayi zanen 'yar tsana. Ta ce ba ta taɓa roƙona komai ba. Sau ɗaya ta shigo ɗaki ta zauna a bakin gado ta gyara min gashin da ya fito daga hula, ta ce a hankali, "Ba na son ki ƙare kamar ni, kina amsa kowane suna don albashi. Amsa wannan sau ɗaya ki huta." Na rasa ko lallashi ne ko zagi, ita ma ban jin ta sani.

Ni ma fa zuciyata ba waliyyiya ba ce. Ta yi ta raya min littafin a hannuna, da bango mai tauri, da ƙamshin sabuwar takarda. Ta ce wa zai sani? Eva ko Haoua, ai wushiryar tana nan. Sai in tuna ranar mutanen ce, ɗaya tak da suka ware wa kansu, kuma in editar ta ɗauke ni, wata ce a cikinsu ba a ɗauka ba. Wataƙila ma Yesenia ce.

Alhamis Abba yana wurin aiki a wajen gari. Nu'uman ya zo da kwamfutarsa da wata leda. Ya zazzage ta a kan kujera, riga ce fara mai manyan furanni ja da kore a ƙirji, da 'yan kunne zagayayyu kamar murfin kwalba.

"Irin nasu ne," in ji shi. "Ɗankwalin kuma ki ɗaura shi sama, ƙullin a gaba. Na ga haka matan can suke yi."

Umma da kanta ta ɗaura min. Ta ja shi da ƙarfi har goshina ya ɗaure, ta ja baya ta kalle ni ta ce na yi kyau. Aka cire hoton Ka'aba da ke bangon bayan kujerar, aka jingine shi a ƙasa yana kallon bango. Nu'uman ya ajiye kwamfutar a kan teburin cin abinci, ya gyara fitila, sannan ya fito da tablet ɗina ya ɗora min a cinya. Na buɗe da sauri. Haoua tana nan, duk shafukan suna nan. Na ji hawaye ya taso, na danne shi saboda kwallin da Umma ta zizara min.

Ya zagaya bayan kwamfutar, inda kyamara ba ta kaiwa, ya juyo min da fuskar wayarsa. Akawun ɗinsa ne a buɗe, ga hoton tablet ɗin, a ƙasa ga jan rubutu na goge duk abin da ke cikin na'ura. Ya ɗora babban yatsansa a samansa, bai taɓa ba.

"Don kar zuciya ta ɗebe ki," ya ce. "Maɓallin goge shafin ma yana kusa."

Na kalli Umma. Ta ga wayar, ta ga yatsan, ta san me ake nufi. Ta gyara mayafinta ta ce, "Ki nutsu kawai ki yi abin da aka ce."

Kiran ya shigo. Mace ce dattijuwa, gashinta ya yi fari a gefe, tabarau a saman kai, bayanta kanta cike da littattafan yara. Ta yi min murmushi ta gaishe ni da yarensu, da ta ga na yi shiru ta koma Turanci. Ta ce in yi haƙuri da wannan binciken, ba don ta ƙi yarda da ni ba ne. Ta ce in zana mata yarinyar, ko fuskar kaɗai.

Na ɗauki alƙalamin. Hannuna ya san hanya. Goshi, kumatu, wushirya, kallabin da ya zame gefe. Na ɗaga mata ta gani. Ta sauko da tabarau ta matso, ta dafa ƙirji ta ce babu shakka hannun nan ne. Ta ce ta yi shekara da shekaru tana wannan aikin, ba kasafai take ganin tsoro a fuskar yaro an zana shi ba tare da an mayar da shi abin dariya ba. Ta ce tana son littafin. A bayan kwamfutar Nu'uman yana washe baki, Umma ta ɗaga hannu sama tana motsa leɓe.

"Saura abu ɗaya," in ji matar, tana jawo takarda. "Gaya min cikakken sunanki yadda kike so ya fito a bango, da sunan garin kakarki. Ina so mu sa shi a shafin farko."

Umma tana girgiza min kai a hankali, idonta ya kawo ruwa. Nu'uman ya ɗaga wayar daidai fuskata. Na kalli yarinyar da ke cinyata, ta buɗe 'yar wushiryarta tana kallona.

"Sunana Balki Inuwa," na ce. "Kakata sunanta Haoua, 'yar Maradi ce, a Nijar. Ni ce na rubuta sharhin nan."

Na ga yatsansa ya sauka. Ban ɗauka zai iya ba, wallahi har cikin raina ban ɗauka ba. Tablet ɗin ta yi ɗan motsi a cinyata, fuskar Haoua ta tsaya kamar na numfashi ɗaya, sannan gilashin ya yi baƙi, wani farin layi ya fara tafiya a hankali daga hagu zuwa dama.

Umma ta ce, "Kin kyauta," ta juya ta shige kicin.

Matar kuwa ta daina murmushi. Ta ajiye alƙalaminta, ta matso har fuskarta ta cika kwamfutar, ta ce, "Wa yake tare da ke a ɗakin nan?"